Kuɗin Mazaɓa: A Fara Rufa wa Tsofaffi Ɗaki

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, kowace damina ɗakunan ƙasa suna zubewa a ƙauyukan Roni, Gwiwa da Kazaure. Mai ƙarfi yakan kwaɓa ƙasa ya sake tayarwa. To, gyatumar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani fa?

Kada a ce mana babu kuɗi. A 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an ware wa ayyukan mazaɓu naira tiriliyan 1 cikin shekara 10, amma talaka bai gani a ƙasa ba. A 2018 an sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, sai dai takarda ba ta tare ruwan sama.

Muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya: kuɗin da ake saya wa magoya baya mashina, a juya shi ga muhallin tsofaffi. Ba gidan gajiyayyu muke nema ba. A gina wa tsoho ɗakin bulo da kwano a cikin gidansa, kusa da jikokinsa. Masu unguwanni sun san mabukata ɗaya bayan ɗaya.

Da gumin waɗannan tsofaffi muka yi boko. Idan muka yi shiru, wa zai yi magana?