Kofin mai shayi da lambatun Sharaɗa

Duk wanda ya saba bi ta ƙofar masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai da sassafe ya san teburin mai shayi. Nan leburori da direbobi da masu gadi ke karya kumallo kafin a shiga aiki. A da, kayan mai shayi ba su wuce buta da kofunan gilashi ko na silba da bokitin ɗauraya ba. Yanzu kofin roba mai shara-shara, na a sha a yar, ya samu wurin zama a teburin, mai sauri kuwa sai a ƙulla masa mai kaurinsa a leda. Ni dai ban ga ci gaba a nan ba.

Masu son a sha a yar suna kafa hujja da tsafta, kuma suna da gaskiyarsu. Bokiti ɗaya tun asuba, ruwan har ya koma kalar madara, a tsoma kofi a tsamo a miƙa wa na gaba. A garin da ya sha fama da amai da gudawa, wa zai ga laifin wanda ya ƙyanƙyami wannan? Sai dai ruwan wankin ne ya gaza. Kofin gilashi guda, in ana wanke shi da sabulu da ruwa mai tsafta, zai shekara yana aikin da ɗaruruwan na roba za su yi.

Ina wanda aka yar ɗin yake zuwa? 'Yan jari-bola da sikeli suke ciniki. Fasasshen bokiti, tsohuwar buta, gorar ruwa, duk suna da kuɗi a wurin masu injin niƙa roba. Kofin nan kuwa ba nauyi, ga maiƙon madara, ba mai sunkuyawa ya ɗauka. Iska ce ke kai shi lambatu. Na Sharaɗa ya bi rafin Salanta zuwa kogin Challawa, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har dam ɗin Wasai. Waɗannan ruwaye dama sun gaji da dagwalon kamfanonin jima da na rini, kuma da su manoman rani ke ban-ruwan alayyahu da latas da muke saya a kasuwa. Kofin da ya maƙale a kwalbati sai damina ta tona shi, ruwa ya malalo titi. Wanda aka share aka cinna wa wuta, ma'aikatan ne ke shaƙar hayaƙinsa.

Kofin takarda ma ba mafita ba ne, don cikinsa shafe yake da roba.

Legas ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024, ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin yarwa a Yulin 2025. Kano garin sarrafa roba ne, gidaje da dama da ita suke cin abinci, saboda haka ba da haramci zan fara ba. Shawarata ita ce, kamfanin da ke da rijiyar burtsatse ya fito da famfo ɗaya bakin ƙofa domin masu shayi da masu abinci. Ya raba wa ma'aikatansa kofin silba yadda yake raba rigar aiki. Mai shayi ya rage wa wanda ya zo da nasa kuɗin kofin da bai kashe ba. Hukumar kwashe shara ta REMASAB kuma ta zauna da ƙungiyar masu masana'antu, a ɗora wa masu ƙera kofin nauyin kwashe shi daga lambatun unguwannin nan uku kafin ruwan farko ya sauka.