Magani a Takarda, Cuta a Rijiya

Garin Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai, yana zaune cikin Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwa ke kwance kusa da fatar ƙasa. Arewa da garin akwai Tukunus, tashar kiwon shanun Azawak da suka yi suna wajen nono. Ƙasa ce mai ruwa a cikinta da nono a bayanta, amma kowace shekara, daga bazara har sabon hatsi ya shigo, uwaye na jeruwa a ƙofar gidan likita da yara masu tamowa. Kunyar wannan tana wuyan hukuma.

Duk ma'aikacin lafiya ya san yadda abin ke tafiya. Rijiya marar zurfi, ba marfi ba daɓe, tana shan ƙazantar dabbobi da ta mutane da zarar damina ta sauka. Yaro ya sha, zawo ya kama shi, abin da ya ci ya ƙi zama a cikinsa, ya rame. A auna damtsensa, a ba shi kwaɓin gyaɗa na Plumpy'Nut, ya murmure, a sallame shi, ya koma wa rijiyar nan dai. Ɗibar ruwa da kwando ke nan.

Alkawari kam an sha shi. A 2006 gwamnati ta ce ƴan ƙasa da shekara 5 za a duba su kyauta, mata masu ciki kuma su yi awo ba biya, baitulmali ya mayar wa gidajen likita kuɗinsu. Biyan ya riƙa makara har shekaru, ɗakunan magani suka bushe, uba ya koma saye a kanti ko hannun ɗan talla. Tsarin mulkin 2010, a ayarsa ta 12, ya ba kowa haƙƙin ruwan sha da isasshen abinci. An jingine shi a Yulin 2023 bai gyara ko famfo ɗaya ba, domin takarda ba ta ɗaukar sifana.

Tarihi ma ya gargaɗi masu mulki. A 2005, bayan fari da fara, aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan madara da fulawa da sukari da ruwa, sai da talakawa suka cika titunan Yamai aka sassauta. Cikin Agustan shekarar Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa akwai yunwa, alhali ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Gwamnatin Diori Hamani kuwa ta faɗi ran 15 ga Afrilu 1974, a hannun Saini Kunce, haifaffen Fandu a wannan yanki, kuma sakaci da yunwa na cikin laifuffukan da aka lissafa mata.

Masu kare hukuma kan ce tsaro ya cinye kuɗi. Gaskiya ne iyalai sun tsere daga sassan Abala da Banibangu, amma baƙi a bakin rijiya ƙarin nauyi ne a kan gwamnati, ba sauƙi ba. Wasu kuma su ce jahilcin uwaye ne. Matar da aka umurta ta tafasa ruwa, da wane itace za ta tafasa, a ƙasar da kara ma ya zama abin saye? Tun 2024 ruwan birane ya dawo hannun kamfanin gwamnati, NDE. Wanda ya iya karɓe famfon Yamai daga hannun baƙi ba ya da hujjar barin na ƙauye ga masu agaji, waɗanda ke kwashe kayansu ran da kwangila ta ƙare.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malaman lakwal da ƙungiyoyin al'adu sun san kowane famfon da ya mutu da watan da ya mutu. Su rubuta, ƙauye bayan ƙauye, su miƙa wa hukumomin Filinge da Tilaberi, su karanta a gidajen rediyo, su nemi ranar gyara. Damina ba ta jiran amsar wasiƙa.