Harajin mota: a ɗauko labarin Turai gaba ɗayansa

Maganar ta sake tasowa, kamar yadda take tasowa duk lokacin da dillalan motoci suka koka: wai 'yan Najeriya sun cika ƙorafi, ai a Turai harajin mota ya fi namu zafi. Masu faɗin haka ba ƙarya suka yi ba. Abin da ke ƙona ran mai wannan shafi shi ne, rabin labarin suke ɗaukowa su bar rabi a can, kuma wanda suka bari shi ne ya fi shafar talaka.

A ɗauki Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, inda masu mota ke kuka da haraji ba dare ba rana. Tun 1993 ƙasar ke karɓar harajin rajistar mota da suke kira VRT. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin da hukumar haraji ta ƙiyasta motar za ta yi a kasuwar ƙasar, daga kashi 7 har zuwa kashi 41 cikin ɗari, gwargwadon hayaƙin da take fitarwa. Daga 2020 aka ƙara wani cajin da ya fi faɗa wa tsofaffin motocin dizal. Wanda ya shigo da mota, kwana bakwai gare shi ya nemi ranar da za a duba ta, kwana talatin kuma ya kammala rajista. Tsanani dai akwai shi, babu mai musu.

To, ga rabin da ba a faɗa. Kafin mutum ya biya ko sisi a Landan ko a Japan, zai iya shiga shafin hukumar a intanet, ya sa samfurin motar da shekarunta da tafiyar da ta yi, ya ga ƙiyasin abin da za a caje shi. In an zo an yi wa motar kuɗi fiye da kima, zai biya tukuna, sannan ya ɗaukaka ƙara cikin kwana sittin. In ya yi nasara a mayar masa da rarar. Kuma tun 2013, duk wanda zai fitar da motarsa daga ƙasar fita ta dindindin, yana da damar karɓar ragowar harajin da ke jikinta. Zai kai ta a duba, a yi mata kuɗin da take a ranar, ya fitar da ita cikin kwana talatin, ya kawo shaidar ta bar ƙasar. Sharaɗin shi ne darajarta ta kai Yuro 2,000. A misali, motar da aka yi wa kuɗi Yuro 10,000, wadda harajinta kashi 20 ne, mai ita zai karɓi Yuro 2,000, a cire 100 na aikin ofis. A da 500 ake cirewa, aka rage.

Hujjar a fili take. An karɓi kuɗin ne saboda motar za ta yi rayuwarta a kan titunan ƙasar. In ta bar ƙasar da sauran ƙarfinta, abin da ya rage na mai ita ne. Ba kuma don kirkin gwamnati kawai aka kai nan ba. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa Ayalan ta saɓa doka da take karɓar cikakken haraji a kan motocin hayar da aka shigo da su daga wata ƙasar tarayyar na ɗan lokaci. Wato ita ma mai karɓar harajin akwai inda ake kai ƙararta. Danmak da Holan su ma suna mayar da irin wannan ragowa, duk da cewa a Holan sai motar ta yi rajista a cikin yankin tattalin arzikin Turai, don haka 'yar Beljiyam ɗin da ta nufo Kwatano ba ta cikin lissafi.

Yanzu a dawo gida.

A 2013 aka fito da manufar motoci da ta kai harajin shigo da mota zuwa kashi 70, wai don a farfaɗo da masana'antun cikin gida. Masu bibiyar wannan shafi sun san inda ke yi masa ƙaiƙayi: Kaduna. Kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a can tun 1975, kuma akwai lokacin da malamin makaranta ke karɓar rancen mota ya fito da sabuwa dal a leda. Shekara da shekaru ana tatsar mai sayen tsohuwar mota da sunan dawo da waccan rana, amma a je kowace tashar mota daga Kawo zuwa Unguwa Uku a ƙirga motocin da aka harhaɗa a Najeriya, a ga ko yatsun hannu za su ƙare.

Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa. Ɗan Katsina da Maraɗi ke bakin ƙofarsa, sai motarsa ta sauka a Legas. A Maris na shekarar, hukumar kwastan a ƙarƙashin Hameed Ali ta ba masu motoci wata guda su je a tantance ko an biya wa motocinsu kuɗin fito, sai da Majalisar Dattawa ta tayar da jijiyar wuya aka dakatar. A Fabrairun 2022 aka kawo tsarin yi wa mota kuɗi ta lambar jikinta. Tsarin ba laifi ne da shi ba, shi ne ma ya fi kusa da abin da Ayalan ke yi, amma kuɗin da na'urar ta riƙa fitarwa ya sa masu fiton kaya suka ajiye aiki a tashoshin Legas, aka dakatar da shi na ɗan lokaci. Ba a jima ba aka sauke haraji zuwa kashi 20, aka ɗora wani cajin kashi 15 a kan tsofaffin motoci. Farashin dalar da kwastan ke lissafi da shi kuwa, daga wajen Naira 422 a tsakiyar 2023 ya haura 1,400 a Fabrairun 2024. A 2025 aka kawo cajin kashi 4 a kan darajar kaya, aka janye, aka maido, Ministan Kuɗi Wale Edun ya sake dakatar da shi a Satumba.

Ina ɗan kasuwar da zai iya lissafi a haka? Mota tana kan teku makonni, kuɗin fitonta ya sauya kafin ta iso. Dillali ba ya asara, a kan mai saye yake juyewa: direban haya, ma'aikaciyar jinya, ɗan fansho da ya tara kuɗin sallamarsa. Akwai 'yan fasa-ƙwauri da masu ƙaryar shekarun mota, gaskiya ne, kuma a kama su. Amma tare mutumin da ya sayi mota hannu na uku a kan hanya, da iyalinsa a ciki, a ce ya amsa laifin takardar da aka buga shekara biyar kafin ya san motar, wannan zalunci ne, ko da doka ta ba da dama. Wanda ya shigo da ita yana da suna, jami'in da ya sa hannu yana da lamba. Su ya kamata a nema.

Maganar mayar da kuɗi kuma, ko a mafarki Bakanon da ya sayar wa ɗan Damagaram mota ba ya kawo wa ransa cewa wani abu zai dawo masa daga abin da aka biya a Legas. Shafin nan ba ya cewa a kwaso dokar Ayalan sukutum, domin kuɗin fito daban, harajin rajista daban. Abin da yake nema bai fi ƙarfin kowa ba: a buga jadawalin darajar motoci kowa ya gani, a tsayar da farashin dala a ranar da aka buɗe takardun odar mota, a kuma sa wa'adin kwanakin da dole a mayar wa mutum kuɗinsa in an caje shi fiye da kima. Ministan Kuɗi da shugaban kwastan na iya fara na farko da na biyu da takardar umarni guda, na ukun kuma 'yan majalisa su rubuta shi ɓaro-ɓaro a dokar kuɗi ta baɗi.