Sulusin Alhaji Ba Naku Ba Ne

"Ai da masallaci ya gina." Abin da wani malami ya faɗa ke nan ranar sadakar uku, da aka buɗe takardar wasiyyar marigayi aka tarar ya bar sulusin dukiyarsa ga wata ƙungiya mai ɗawainiya da yara kurame da guragu. Ina kan tabarmar, da kunnena na ji, na kuma ga kawuna suna gyaɗawa kamar na ƙadangaru. Tun ba a naɗe tabarmi ba magada suka shiga neman lauya, wai tsufa ne ya taɓa tsohon. Mutumin da har makon da ya kwanta ciwo shi ke lissafin shagunansa da ka, yau an mai da shi ruɗaɗɗe don ya tuna da 'ya'yan da ba shi ya haifa ba.

Malam ya fi ni sanin yadda ake rabo. Ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan magada su raba abin da ya saura. Ya san labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya so ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kan sulusi. Ya san wasiyyar da ba ta haura sulusi ba, ba kuma magaji aka yi wa ba, ba ta jiran amincewar kowa. Ya san abin da Suratul Baƙara ta ce a kan mai canja wasiyya bayan ya ji ta. To me ya kai bakinsa ga masallaci? Wataƙila don masallaci yana buƙatar liman, shi kuwa kurma ba ya naɗa kowa limanci.

Wai masallaci. A layinmu kaɗai akwai guda huɗu, idan ka yi atishawa a ɗaya sai an yi maka addu'a a ɗayan. Da asuba kowanne sahu ɗaya ne da rabi, amma lasifika kamar za ta tsaga kunne. Mun san inda wannan ya samo asali. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 aka shiga ja-in-ja da 'yan ɗariƙa, wannan ya ƙi bin wancan salla, wancan ya ce ba zai haɗa sahu da wannan ba, kowa ya ja zugarsa ya sa bulo. Daga baya su kansu ɓangarorin suka dare gida-gida, kowane gida da nasa ginin. Attajirai suka samu wurin zuba kuɗi, a liƙa sunan Alhaji a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe, a shimfiɗa tayil mai santsi, a ɗora hasumiya ta fi ta makwabta tsawo. Shekara arba'in da ɗoriya muna gasar gini, kuma a mafi yawan masallatan nan gurgu ba shi da ta inda zai tura kekensa ya shiga. Sai ya ajiye keken a waje, ya ja jiki a kan matakala, ta cikin ruwan alwala da takalman mutane. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Ku zagaya ku gani.

Sannan su waye yaran nan da ake ganin sulusin Alhaji ya fi ƙarfinsu? A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, wasu masu mumbari suna rantsuwa cewa maganin hana haihuwa ne. Jariran da ƙafafunsu suka shanye a lokacin yau samari ne da 'yanmata, ga su nan a kowace danja. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da ƙwayar cutar ta asali a Afirka, kuma ban ji ko mutum ɗaya cikin masu waccan rantsuwa ya fito ya nemi gafarar yaran ba. Sanƙarau na 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, ya bar wasu da kurumta har abada. Gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta ci yara sama da 400, wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Da yawan wannan nakasa da hannunmu a ciki. Abin da Alhaji ya yi ya fi kama da rage bashi.

Mu dai mun fi son nakasasshe da ƙoƙo a hannu. Ranar Juma'a a zuge gilashin mota, a miƙa naira hamsin, a karɓi addu'ar dubu goma, kowa ya kama gabansa. Mun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, muka ɗauka mun sauke nauyi. Mishan kuwa tun 1953 suka buɗe wa makafi makaranta a Gindiri. Makarantar Tudun Maliki da ke Kano tana nan tana fama da kurame da makafi, amma makaranta nawa ke gare mu irinta, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 44? Yaro kurma yana buƙatar malamin da ya iya maganar hannu, makaho yana buƙatar allon rubutun makafi da takardarsa mai kauri, gurgu kekensa na son gyara, shi kuma yana girma yana fin ƙarfin keken. Wannan ɗawainiya ce ta kullum, kuɗin zaune take so. Kuma mu ne masu karanta Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo neman ilimi. Ilimi fa, jama'a.

Na san za a ce ƙungiyoyin nan ɓarayi ne. To kwamitin masallaci waliyyai ne? Wa bai taɓa jin rigimar kuɗin asusun Juma'a ba? Wanda ke tsoron a cinye masa ya sayi shago ko gida ya yi hubusi, haya ta riƙa shiga makarantar yaran, kamar yadda Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara aka riƙa ciyar da amfaninta. Za a ce dangi ma akwai mabukata. Dangi sun kwashi kashi biyu cikin uku, in suna da zumunci su taimaki juna. Mun sha ganin inda gado ke ƙarewa: babban ɗa ya sayi mota, mai bi masa ya ƙara aure, a sayar da gidan gado a ci kuɗin a kotu, 'yan'uwa mata a danne musu rabonsu ana cewa su yi haƙuri. Kafin shekara ta zagayo ko yasin ɗaya babu mai karanta wa tsohon.

Ku magadan Alhaji, ku sallami lauyan nan, ku kai wa yaran sulusinsu kafin a koma makaranta. Malam kuma, in masallaci yake so, ga huɗu nan a layinmu, ya zo ya zaɓa.