Gigin tsufa: Abin da binciken Gana da Ibadan ya gano game da gado

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ke nan batun ya shafe mu.

Tun 1993 masana a Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna APOE4 tana ƙara haɗarin cutar Alzaima, wadda ita ce kan gaba wajen jawo wannan mantuwa. Abin tambaya, me ya sa ƙwayar ba ta ɓace ba, har ma ta fi yawa a Afirka?

Mai karatu ya san labarin sikila: wanda ya gaji AS yakan sami kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Masana na ganin ita ma APOE4 haka take. A yankin Garu da ke arewa maso gabashin Gana, kusa da Bawku da fatakenmu suka sani, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa cikin matan da ke shan ruwan rafi da buɗaɗɗun rijiyoyi, masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran haihuwa da kimanin ɗa guda. A wannan shekarar kuma, a ƙasar Bolibiya, an ga 'yan ƙabilar Tsimane masu ƙwayar sun fi riƙe kaifin tunani idan tsutsar ciki ta yi musu yawa. Wato abin da ya taimaki kakanni a zamanin gurɓataccen ruwa, shi ne ke zama kaya yau da shekaru ke tsawo.

Sai dai gado kaɗai ba ya yanke hukunci. Binciken da ya kwatanta dattawan Yarabawa a Ibadan da baƙar fatar Indiyanapolis ta Amurka ya nuna a 2001 cewa masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, alhali ƙwayar tana da yawa a ɓangarorin biyu. Masanan sun fi zargin abinci da cututtukan jijiyoyin jini.

Nan ne abin ya shafi ɗan kasuwa mai wuni zaune a rumfa, ga maiƙo ga lemon kwalba. Awon hawan jini da na suga ba su da tsada, kuma suna cikin abubuwan da likitoci suka ce kula da su na rage haɗarin. Tsohuwar da ta fara ɓata hanyar gida kuwa, asibiti ya kamata a kai ta, kafin a laƙa mata maita kamar yadda ake yi wa wasu matan da ke fakewa a Gambaga.