Daga Bencin Nima: Mai-albasa na neman bindiga

 

Ranar Larabar da ta wuce, ranar da kasuwar Nima ke ci, ina zaune wurin mai shayinmu bayan la'asar sai ga wani aminina. A wannan fili zan kira shi Mai-albasa, don ya ce in na ambaci sunansa, to ba ni ba shi. Mun fi shekara ashirin tare, tun albasa tana Agbogbloshie, kafin a tashe su zuwa Adjen Kotoku a 2021. Ya zauna, ya karɓi kofin shayi da hannun hagu, ya ce: "Malam, kai da ka tashi gidan maharba, wace bindiga ce marar nauyi? Disamba ta kusa."

Na dubi hannunsa na dama, na yi shiru.

Bari in ba ku labarin hannun. A watan Yuni ana sauke lodin albasar Galmi, ƙofar bayan mota ta kuɓuce ta datse masa wuyan hannu. An kai shi asibiti, aka ɗinke jijiyoyi, ya yi makonni hannu a ɗaure. Yanzu rauni ya rufe, sai tabo. Amma babban yatsa da manuni da na tsakiya, in ka taɓa su, cewa yake kamar ta bayan bargo kake taɓa shi. Kuɗi ma da hagu yake ƙirgawa.

Shi kuwa Mai-albasa yana da gonar masara wajen Donkorkrom, a filayen Afram. Kowace shekara in hunturu ya shigo yakan bar wa yaransa shago, ya hau jirgin fito a Adawso ya tsallaka, ya yi mako biyu yana bin zabi da fakara, yana rage gyazbin da ke masa ɓarna, wato akrantie. Wannan mako biyun shi ne hutunsa na shekara. Tsohuwar bindigarsa mai baki ɗaya ce, ƙirar Rasha, kuma ya gane cewa hannun nan ba zai iya da ita ba. Shi ya sa yake cigiyar wata.

Na san ba shi kaɗai ba ne. Cikinmu akwai wanda injin niƙa ya taɓa, akwai wanda babur ya kayar, akwai mahaucin da wuƙa ta zame masa. Don haka abin da na gaya masa a benci, ga shi na kawo muku.

Na farko, na ce masa tambayar bindiga ba ita ce a gaba ba. A fara tambayar hannu. A wuyan hannu akwai jijiya iri biyu: mai jan yatsa ya lanƙwashe, da mai kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa. Mai jan yatsa in an ɗinke ta, takan ɗauki kamar mako 12 kafin ta iya aikin ƙarfi. Mai kai saƙon ji kuwa sake tsirowa take yi, kuma tafiyar hawainiya gare ta, kusan milimita 1 a rana. Daga wuyan hannu zuwa kan manuni akwai wajen santimita 17 ko 18 ga babban mutum. Yi lissafi da kanka: wata shida ke nan, ban da makonnin da takan yi kafin ta fara tafiya. Daga Yuni zuwa yau, jijiyar Mai-albasa ba ta ma iso tasha ba, shi kuma har ya fara neman ɗora mata kaya.

Me ya sa wannan ya dame ni? Saboda manuni shi ke kan kunamar bindiga. Maharbi yana sanin ya taɓa kunama ne da jin fatar yatsa, idonsa yana can kan dabba. Yatsan da ba ya ji zai iya danna kunama mai shi bai sani ba. A daji kuwa ba kai kaɗai ba ne. Akwai yaron da ke riƙe maka jaka, akwai matan da ke roron itace, akwai Bafillace da shanunsa a bayan ciyawa.

Mai-albasa ya ce: "Haba Malam, ai na shekara talatin ina harbi." Na ce: "Gaskiya ne, Alhaji, amma da wancan hannun ka yi su."

Nan take muka yi gwaji. Na sa ya rufe ido, na zuba masa kwabo da maɓalli da ƙwayar wake a faranti, na ce ya tsinto wake da babban yatsa da manuni. Sau uku yana ɗauko maɓalli. Mai shayi ya juya baya kamar yana wanke kofi, don kada Alhaji ya ji kunya. Duk wanda ke cikin irin wannan hali ya gwada a gida, ya ƙara da waɗannan: ka ɗaga galan mai lita 3 na ruwa da hannun da zai tallafi bindiga, ka miƙe shi gaba, ka ga ko za ka ƙirga talatin bai yi rawa ba. Ka buɗe kwaɗo da makulli da hannun da ya ji ciwon. Ka ɓalle maɓallin riga ba ka kallo. Sannan ka kai wa likitan da ya yi aikin, ko mai gashin da ke motsa maka hannun, ka gaya masa ƙarara cewa harbi kake son komawa. Mutanenmu sukan ɓoye wannan, su ce wai noma ne. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma amsar da zai ba manomi daban take da wadda zai ba maharbi.

To, a ce hannu ya ci jarrabawa. Sai a zo kan bindiga, kuma a nan ne Alhaji ya yi kuskuren da kowa ke yi. Yana neman marar nauyi. Ita bindiga kuwa, in ta tashi, da ƙarfin da ta tura harsashi gaba da shi take shurin mai ita ta baya, kuma nauyinta ne ke shanye shurin. Harsashi iri ɗaya, bindiga sakayau ta fi mai nauyi duka. Shurin nan kuwa ba a kafaɗa kaɗai yake tsayawa ba, yana bi ta tafin hannu, kuma ƙarfen da ya kewaye kunama yakan bugi yatsan tsakiya. Saboda haka ga mai raunin hannu, gara mai matsakaicin nauyi, da roba mai kauri a gindinta, da harsashi mai sauƙin lodi. Nauyin ɗauka kuma maratayi ke maganinsa, na saiti kuma gwafa: sanda mai baki biyu da za ka kafa ka ɗora bindiga a kai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da gwafa ya ƙarasa shekarunsa na farauta, ba wanda ya taɓa ce masa rago.

Akwai kuma lamba. Wadda ta fi yawa a hannun maharban Gana ita ce mai lamba 12. Mai lamba 20 bakinta ya fi ƙanƙanta, lodinta ya fi sauƙi, kuma ta ishi zabo da gyazbi a kusa. Sai dai biyu: in an ƙera ta sakayau ƙwarai, shurinta yakan kamo na 12, sannan ka fara tambayar dillali mai lasisi ko yana kawo harsashinta a kai a kai. Kada kuma a taɓa haɗa harsashin 20 da na 12 a jaka ɗaya. Na 20 yakan zurma cikin bututun 12 ya maƙale, in aka ɗora wani a bayansa aka harba, bututu ya fashe a hannu.

Daga nan sai yadda ake sarrafa ta. Tsohuwar ta Alhaji irin mai ƙarfen ɗanawa ce a waje, wanda ake ja baya da babban yatsa. Ɗanawa ba ta kai saukewa haɗari ba. In ka ɗana, zabo ya tashi ba ka harba ba, dole ka riƙe ƙarfen da babban yatsa, ka danna kunama, ka sauke shi a hankali. Yatsa ya zame, ta tashi. Mai raunin babban yatsa ya nisanci wannan iri. Mai zugewa, wadda ake ja a tura da hannun gaba, tana son hannun tallafi mai ƙarfin damƙa, don haka ba ta dace da wanda ciwonsa ke wancan hannun ba. Mai karyewa a tsakiya wadda ba ta da ƙarfen waje, mai ɗan makullin tsaro da ake turawa, ita ta fi sauƙin sha'ani, kuma in ka karya ta ka rataya, kowa na ganin ba za ta tashi ba. Amma ka gwada makullin da yatsanka a shago, bindiga ba harsashi, sau goma, ido a rufe.

Wani zai ce a sayi mai harsashi guda, mai cin dogon zango, tunda ƙaramarta ba ta shuri. Haka ne, ba ta shuri. Amma ƙaramin harsashin nan yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, alhali ƙwayoyin dalmar bindigar tsuntsu 'yan mitoci ɗari suke yi su zube. A fili irin na Afram, inda ƙauyuka da rugage ke warwatse, hannun da bai gama dawowa ba bai kamata a ba shi harsashin da zai je inda ido bai kai ba.

Abu biyu na roƙi Alhaji kada ya yi. Kada ya kai wa maƙeri ya goge masa kunama don ta yi laushi. Kunamar da aka goge takan tashi in bindiga ta faɗi ko ta bugi kututture. Kada kuma ya sayi ƙirar gida don araha. Ƙera bindiga ba izini laifi ne a ƙasar nan, kuma in bututu ya fashe, hannun da ke tallafe shi ke tafiya. Mai hannu ɗaya da rabi ba shi da na caca.

Saura hanya ɗaya da mutane ba su cika tunawa ba: komawa kafaɗar hagu. Sai dai ido ke yanke wannan hukunci. Ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsa bai gusa daga kan abin ba, shi ne jagora. In na hagu ne, ka yi sa'a. In na dama ne, za a iya koyo, amma aikin watanni ne da bindiga marar harsashi, ba na mako biyu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar hukuma, don mu baƙi da 'ya'yan baƙi mun san in abu ya ɓaci, Zango ake fara kallo. Lasisin bindiga a Gana wurin 'yan sanda ake nemansa, a ƙarƙashin dokar makamai ta 1972, kuma duk shekara ake sabunta shi. Na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Sabuwar bindiga, sabuwar takarda. Tsohuwar kuma ba a miƙa wa ɗa ko ƙane haka kawai, sai an bi ta ofis an sauya suna. Takardar farauta daban take, wurin ma'aikatan namun daji na hukumar gandun daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta don dabbobi su hayayyafa, gyazbi kaɗai aka ware, shi ma da takarda. Farautar dare da fitila haramun ce a doka, gandun Digya da ke arewa da su Alhaji kuwa ba a shigarsa da bindiga ko da rana. Ku kuma masu zirga-zirga, takardar Gana ba ta tsallaka Paga ko Aflao. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai tun 2006, kuma bindiga a ƙarƙashin buhu tana iya cinye mota da lodi da shekarun mutum.

Kwana biyu bayan hirarmu na bi ta gidansa a Maamobi. Hajiya ta leƙo ta labule muka gaisa, ta ce: "Malam, Allah ya saka. Ni tsorona ba daji ba ne, gidan nan ne." Ta yi gaskiya. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha, yara sun fi ashirin suna shiga ko'ina. Duk mai bindiga a irin gidajenmu, ya kulle ta a akwati ba harsashi, harsashi kuma a wani wuri da wani makulli, makullan a jikinsa.

Alhaji bai ce na yi gaskiya ba, kun san halin manya. Cewa ya yi wai albasa ta yi tsada bana, kuɗin bindiga sai an ga yadda kasuwa ta yi. Amma na ga ƙwallon roba a aljihunsa yana matsawa, Hajiya kuma ta ce ya koma wurin gashi sau biyu a mako, bayan ya yi wata guda da dainawa. Disamba zai je gona, ya ce zai bi maƙwabcinsa ya nuna masa makwancin zabi, shi ya riƙe jaka. Farantin wake da maɓalli yana nan wurin mai shayi, mun yi alkawari duk ƙarshen wata za a sake gwaji.

Wanda ke da irin wannan labari, ko maharbin da ya koma hagu ya dace, ya aiko mana mu ƙaru. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare hannuwan da muke nema da su. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.