Kafin A Goya Tankin Feshi

Da zarar damina ta kankama, rumfar da ta fi cika a kasuwar ƙauye ita ce ta mai maganin feshi. Manomi zai tsaya ya ce, "Ƙwari sun shigar mini gona, ba ni mai ƙarfi." Mai rumfa bai ga gonar ba, bai ga ƙwaron ba, amma zai miƙo kwalba. Ga shi likita, ga shi mai cin ribar ciwon. A ganina wannan ciniki ya fi ƙwaron kansa yi wa ƙaramin manomi ɓarna, musamman wanda ke noma a kan tudu.

Ku dubi gonakin duwatsun Gwoza da sauran tsaunukan Mandara, inda aka jera duwatsu mataki-mataki don riƙe ƙasa, ko gangaren Filato da Mambila. Gonar 'yar ƙarama ce, kuma a fili ɗaya za ka ga dawa da wake da kuɓewa da yakuwa. Wanda ya fesa wa wake guba ya fesa wa ganyen da uwargida za ta tsinka ta yi miyar dare. In ruwa ya sauka, abin da ya rage ya bi gangare zuwa rafin da mutanen ƙasa ke ɗiba, su sha, su shayar da awaki.

Abin takaici, wannan haɗa shukar da wasu ke kallo a matsayin ƙauyanci ita ce garkuwa ta farko. Tun shekarun 1970 David Norman, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zariya daga cibiyar Samaru, ya nuna cewa manomin da ke cuɗa gero da dawa da wake ya san abin da yake yi: in ɗaya ya gaza, ɗaya zai fisshe shi. Ta fuskar ƙwari ma haka ne. Ƙwaro da ƙamshi yake gano abincinsa, kuma gonar da ke masara zalla daga wannan iyaka zuwa waccan ta sauƙaƙa masa aiki. A gonar haɗi sai ya yi ta lalube, ga gizo-gizo da tururuwa da ƙoƙi-ƙoƙi sun samu mafaka suna farautarsa. Maganin nan "mai ƙarfi" su yake fara kashewa. Bayan mako biyu tsutsa ta dawo, masu cinta ba su dawo ba, sai a sake komawa rumfa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki wannan da gaske. A yankin Maraɗi, masu binciken cibiyar INRAN suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke sa ƙwai a jikin tsutsar da ke fafe zangarniyar gero. A ƙananan buhuna ake kai shi ƙauye, a rataye kusa da gonaki, ya fito ya bazu da kansa. Ba tanki, ba guba a hannun yara.

Ba cewa nake yi a jefar da feshi gaba ɗaya ba. Duk mai noman wake ya san tsutsar da ke huda fure da kwanso ba ta jin kunyar dawa da ke gefe. Amma lokacinta sananne ne, wato sa'ad da wake ya fara fure, kuma feshi biyu ko uku a kan kari sun fi takwas na firgita. Akwai kuma irin SAMPEA 20-T da Samaru ta fitar a 2019, wanda aka yi shi don ya jure wa wannan tsutsa. Tsutsar masara da ta ɓullo mana a 2016 kuwa, can cikin ƙoƙon ganye take ɓuya da rana; wanda ya yi feshi da tsakar rana ya wanke ganye ne kawai. A gonar da ba ta kai kadada ba, zagayen asuba, a murƙushe ƙwai, a zuba toka ko yashi a ƙoƙon, a jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya a yayyafa, yana rage ɓarna ƙwarai.

Mun ma ga inda son guba ya kai mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Turawa sun ƙi ci, mu muka ci gaba da ci.

Duk wannan ilimi yana buƙatar mai kai shi bakin gona, kuma malamin gona ya zama abin nema a ƙauyuka da yawa, balle waɗanda mota ba ta hawa. Kwamishinonin noma na jihohinmu, a kasafin baɗi ku rage kuɗin kwalaben da ake rabawa gaban kyamara, ku ɗauki malaman gona, ku ba su babura da mai, su hau tudu su duba gona kafin a goya tanki.